Mun Tsare Rudu, Mun Bar Waya A Buɗe

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar kwalta da ta taso daga Birnin Ƙonni, ta ratsa Tsarnawa da Malbaza da Galmi zuwa Madawa a lokacin kakar albasa, ya san cewa arzikin wannan yanki namu ba ɓoyayye ba ne. Buhuna ne jere a bakin hanya, manyan motoci na jiran lodi, wasu za su Kumasi da Akra, wasu Abijan, wasu kuma su tsallaka Illela su nufi Sakkwato. Albasar Galmi, wadda ke cikin ƙaramar hukumarmu ta Dogarawa, ta yi sunan da ko a kasuwannin bakin teku ba sai an yi mata talla ba. Haka kuma duk wanda ya san manomin albasa ya san yadda yake ji da rudunsa. Zai ɗaga shi daga ƙasa don kada danshi ya taɓa, ya gyara jinka, ya riƙa leƙawa yana tsince wadda ta fara ruɓa, idan ta kama ma ya sa yaro ya kwana a gindinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon shi ne, na lura akwai wani rudu na biyu da kowane ɗan kasuwarmu yake yawo da shi a aljihun gaba, wanda abin da ke cikinsa ya fi na rudun kara daraja nesa ba kusa ba, amma babu mai gadinsa. Ina nufin wayar salula.

Mai karatu, tsaya ka lissafa abin da ke cikin wayar dillali guda ɗaya. Akwai lambobin duk abokan cinikinsa na ƙasashe uku ko huɗu. Akwai saƙonnin murya da aka ƙulla ciniki da su, wane ya ɗauki buhu kaza a kan kaza, zai biya bayan sati biyu. Akwai hotunan rasit da takardun mota da na duwan. Akwai asusun kuɗi na kamfanin waya ko na kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, sannan ga da yawa daga cikin mutanen iyaka akwai asusun banki na Najeriya a layi na biyu. Wato dai littafin bashi da akwatin kuɗi da ɗan aike da shaidun ciniki duk sun taru a abu guda, wanda ake miƙa wa yaron caji a bakin tasha a tafi masallaci.

Ba ji na yi a gari ba, a gidanmu abin ya faru. Wani ɗan baffana da ya shekara fiye da ashirin yana dillancin albasa, wata rana da hantsi aka kira shi, mai kiran ya gaishe shi da Hausa tsantsa, ya ce daga kamfani ne, ana gyaran layuka, za a turo masa wasu lambobi shida ya karanto su don kada a rufe masa layi. Yana tsakiyar lodi, hankalinsa na kan masu ɗinkin buhu, sai ya karanta. Kafin azahar WhatsApp ɗinsa ya koma hannun wani. Mutumin ya shiga zaurukan ƴan albasa da ɗan baffan nawa yake ciki, ya tsinci lambobin mutane, ya riƙa rubuta musu cewa asusunsa na da ya samu matsala, a tura cikon kuɗi a wannan sabuwar lamba. Wanda ya nemi ya ji murya sai a ce masa ana cikin taro. Mutum biyu suka tura. Da ya je ƙwato layin nasa sai aka tarar ɓarawon ya riga ya ɗaura nasa makullin, dole ya jira kwana bakwai.

An yi zama, an raba asarar, kuɗi kuma sun dawo da nema. Abin da bai dawo da wuri ba shi ne yarda. Har yau akwai wani tsohon abokin cinikinsa a Kumasi da bai gama gamsuwa cewa ba da saninsa aka yi ba. Kasuwancin albasa kuwa kowa ya sani, ba a kan takarda yake tafiya ba, a kan amana yake tafiya. Mutum zai loda mota ta miliyoyin sefa ya tura wa wanda bai gani ba shekara biyu, saboda kawai ya san muryarsa kuma ya san ubansa. Ranar da aka fara shakkar murya, ranar aka fara rushe kasuwar.

To, murya ɗin ma yanzu ba ta tsira ba. A farkon shekarar 2024 a Hong Kong, an yaudari wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25, bayan ya shiga taron bidiyo inda ya ga fuskokin shugabanninsa ya kuma ji muryoyinsu, alhali duk ƙirar kwamfuta ce. Idan an iya ƙera fuska da muryar babban jami'in kamfani, ƙera muryar Alhaji da ke tura saƙon murya hamsin a rana ba zai gagara ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce, Malam, waɗannan ɓarayin intanet ai manyan bankuna suke nema, me za su yi da mai albasa a Dogarawa? Gaskiya ne suna neman bankuna. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin bincike na Group-IB tare da sashen tsaro na Orange sun fitar da rahoto kan wani gungu mai magana da Faransanci da aka laƙaba wa suna OPERA1ER, wanda tsakanin 2018 da 2022 ya kai hari fiye da 30 kan bankuna da kamfanonin waya, ya sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka lissafa. A 2023 rundunar Interpol ta sanar da kama wani da ake zargin jigo ne a gungun a ƙasar Kodebuwa. Amma abin lura shi ne yadda suke shiga. Ba bango suke fasawa ba, wasiƙa suke aika wa ma'aikaci mai kama da ta ofishin haraji ko ta neman aiki, shi da kansa ya buɗe musu ƙofa. Dabarar da aka yi wa ma'aikacin banki mai digiri, ita ce aka yi wa ɗan baffana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a kodayaushe mutum ne, ba na'ura ba.

Ƙananan ɓarayin kuwa sun fi manyan yawa. A wani samame da Interpol da Afripol suka yi a ƙasashen Afirka 19 cikin watannin Satumba da Oktoba na 2024, an kama mutum 1,006, aka gano waɗanda aka cuta sun haura 35,000. Mai satar jaka hamsin hamsin daga mutum ɗari ya fi samun kwanciyar hankali a kan mai fasa banki, domin ya san yawancin waɗanda ya cuta kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Wannan kunyar ita ce babban jarin ɓarawo a ƙasar Hausa. Babban mutum zai gwammace ya haɗiye asarar miliyan da a ji a majalisa cewa yaro ya yi masa wayo ta waya, sai a wayi gari dabarar da aka yi masa ranar Litinin an yi wa maƙwabcinsa ranar Laraba.

Sannan ba ɓarawo kaɗai ne abin tsoro ba. Waya na faɗawa rijiya a garka. Waya na ɓacewa a cunkoson kasuwa. Waya na mutuwa haka kawai, a kai wa mai gyara ya ce sai an wanke ta, a wanke ta da bashin mutum arba'in a ciki. Mai waya ma yana mutuwa, ya bar magada suna kallon allon da ba su san lambarsa ba, waɗanda ake bi bashi su yi shiru, masu bin bashi su cika ƙofar gida. Akwai kuma masu amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ƙane ko yaron shago ko ma wanda ba su sani ba, ranar da layin ya ɓace babu yadda za su tabbatar wa kamfani cewa nasu ne. Mutanen iyaka da ke riƙe da layin Najeriya sun ga misali a 2024, lokacin da aka toshe layukan da ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba.

Hanyar sadarwar kanta ba ta da tabbas. Ba mu manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba a buɗe iyakar Ƙonni da Illela ba sai a watan Maris na 2024. A ranar 14 ga wannan watan na Maris kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga duhun sadarwa, har bankuna a Najeriya suka kasa biyan mutane yadda suka saba. Wanda duk lissafinsa ke rataye da intanet, a irin wannan rana ba shi da bambanci da wanda aka kulle wa shago.

A nan ne wasu dattawanmu ke cewa, to ai ga ta nan, a koma wa littafi da tsabar kuɗi kamar yadda aka gada. Ina girmama wannan magana, amma ban yarda da ita duka ba. Wanda ya taɓa ɗaura kuɗin mota guda a ƙugu ya biyo hanya daga bakin teku zuwa gida ya san abin da aika kuɗi ta waya ya raba mu da shi, balle a wannan zamani da hanyoyi suka lalace da ƴan bindiga. Littafi kuma yana ƙonewa. A tambayi ƴan kasuwar Sabon Gari ta Kano abin da gobarar watan Maris na 2016 ta yi musu, ko na babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021. Kaya sun ƙone, littattafan bashi ma sun bi su. Ashe laifin ba na waya ba ne ko na littafi, laifin ajiye abu a wuri ɗaya ne.

Wannan darasi ko manyan duniya da tsada suka saye shi. A watan Yuni na 2017 wata cutar kwamfuta da ake kira NotPetya, wadda ta ɓulla daga Yukren, ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk na ƙasar Denmak, ta jawo masa asarar da ta kusa dalar Amurka miliyan 300. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito, duk kwafin wani muhimmin kundi da tsarin kamfanin ya dogara da shi sun goge, sai guda ɗaya tak da ya tsira a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta a can kafin cutar ta iso. Wato ɗaukewar wutar da muke tsinewa kullum ita ta ceci kamfanin da ke da jiragen ruwa ɗaruruwa. Sa'a ce suka taka. Mu kuma bai kamata mu jira sa'a ba, abin da ya faru da su bisa kuskure mu yi shi da gangan, wato mu ajiye kwafi a inda abin da ya ci na farko ba zai kai gare shi ba.

Masu cewa ƙaddara ce kuma, ina tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Addinin da ya ba rubuta bashi wannan matsayi ba zai yarda a bar haƙƙin mutane a saƙon muryar da zai iya gogewa cikin daƙiƙa ɗaya ba. Tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi.

To mene ne abin yi? Zan fara da mu kanmu, domin mafi yawan maganin ba ya cin ko dala. Na farko, lambar sirri ta asusu da lambobin da ake turowa ta saƙo ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ne shugaban kamfanin. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar su, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, a kashe waya kawai. Na biyu, WhatsApp yana da makulli na biyu, lambobi shida da mai waya ke zaɓa da kansa, sanya shi bai kai minti biyar ba, kuma da ɗan baffana ya sa shi da lambobin da ya karanta ba su isa a ƙwace masa layi ba. Na uku, duk saƙon da ya ce an canza lambar da za a tura kuɗi, ko daga uba ya fito, kada a tura sai an kira mutumin a tsohuwar lambarsa ta kira na sosai, an kuma tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Na huɗu, kada a saki kaya don an ga saƙon shigar kuɗi ko hoton rasit, a buɗe asusu a ga kuɗin da ido, domin saƙon bogi ya yi yawa tun lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Na biyar, kowane ciniki na bashi a sauke shi a littafi a ranar, da boko ko da ajami, sannan duk ranar Juma'a a ɗauki hoton shafukan a ajiye a wata wayar da ke gida. Littafi ya tsare waya, waya ta tsare littafi. Na shida, kowa ya je ya mayar da layinsa da sunansa, kuma ya samu mutum ɗaya amintacce a cikin iyalinsa da ya san inda lissafi yake saboda halin rai.

Ga masu shaguna da kamfanonin sufuri da wakilan aika kuɗi da ke da kwamfuta, ƙarin nasu shi ne, na'urar da ake lissafi da ita ba ta kallon fim ba ce, kada kowane yaro ya zo ya cusa mata abin ɗaukar waƙoƙi. Kowane ma'aikaci ya samu lambar shigarsa daban, ranar da ya bar aiki a soke ta. A kuma guji manhajojin da ake turawa daga waya zuwa waya a teburin masu caji, musamman jabun WhatsApp masu ado, domin ba ka san wanda ya ƙera su ba balle abin da ya ɓoye a ciki.

Sai ƙungiyoyinmu. Ƙungiyar ƴan albasa ta ƙasa, wato ANFO, da sarakunan kasuwa da shugabannin dillalai na Galmi da Tsarnawa da Ƙonni, suna da ikon da ko gwamnati ba ta da shi, domin maganarsu ake ji. Kamar yadda ake zama a tsayar da girman buhu da la'ada, haka ya kamata a zauna a tsayar da ƙa'idar biyan kuɗi ta waya, a sanar da ita ga abokan ciniki na Ghana da Kodebuwa, kowa ya san cewa ɗan Galmi ba ya canza asusu ta hanyar saƙo. A kuma mayar da faɗin cuta abin yabo maimakon abin kunya. Wanda aka yi wa wayo ya fito ya faɗa a ranar, ya ceci mutum goma.

Kamfanonin waya da na aika kuɗi su ma akwai haƙƙinmu a wuyansu. Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms suna samun ciniki mai yawa a wannan yanki, amma gargaɗin da aka rubuta da Faransanci aka tura wa wanda ba ya karanta Faransanci, kamar ba a yi ba ne. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To a fara nuna hakan a inda kuɗin talaka yake. A yi gargaɗi da murya, da Hausa, a wayoyi da gidajen rediyon karkara, musamman daga watan Fabrairu zuwa Mayu da kuɗi ke yawo. A kuma samar da lambar gaggawa da mutum zai kira a daskarar da kuɗin da aka sace kafin a cire su, domin a wannan harka awa ɗaya ta farko ta fi wata guda na zirga-zirga daga baya. Hukumar ARCEP da ke sa ido a kansu ita ya kamata ta tilasta wannan.

Daga ƙarshe sai hukuma. Muna da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet, wadda aka yi wa gyara a 2022, aka sake yi mata a watan Yuni na 2024 inda aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi. Muna da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa wannan aiki. Amma idan aka ambaci dokar intanet a majalisar shayi, abin da ke zuwa ran mutane shi ne wane ya yi rubutu an kama shi. Ina roƙon mahukunta, irin zafin naman da ake nunawa wajen gano wanda ya yi magana, a nuna shi wajen gano wanda ya yi sata. Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 400, manomin da aka sace wa jaka ɗari biyu ba zai yi wannan tafiya ba. Ya kamata a ce a ofisoshin jandarma da na ƴan sanda na Malbaza da Ƙonni da Illela akwai jami'in da aka horar, wanda zai karɓi irin wannan ƙara ba tare da ya yi wa mai ita dariya ba, ya kuma san wanda zai kira a kamfani nan take. Tunda kuma ɓarawon na iya zama a tsallaken iyaka, duk saɓanin siyasar da ke akwai bai kamata ya hana jami'an ɓangarorin biyu musayar bayani a kan ɓarayi ba.

Jama'a, kaka na tafe, kuɗi za su fara motsi, masu kiran nan kuma sun san kalandarmu kamar yadda muka san ta. Kakanninmu ba su jira gwamnati ta koya musu ɗaga rudu daga ƙasa ba, ruɓewar albasa ce ta koya musu. Mu ma mun yi asarar da ta isa ta zama darasi. Kafin ka kwanta yau, Alhaji, kira ɗanka mai ilimin waya ya nuna maka inda ake sa makullin nan na biyu, amma lambobin kai za ka danna da hannunka, shi ma ya juya baya.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ba mu kaka mai albarka, Ya kuma shirya masu wannan ɗabi'a, idan ba masu shiryuwa ba ne Ya yi mana maganinsu. Amin.